Ranar da Shitu Ya Zauna

Duk wanda ka tambaya a Tudun Wada game da Shitu, abu ɗaya zai fara faɗa maka: mutumin nan ba ya zama. Tasalla mai ƙosai ta ce ba ta taɓa ganin ya ci ƙosanta a zaune ba, a tafe yake ci yana hura yatsu. Wanzami ya ce ya sha yankarsa a ƙeya, kuma ba laifin aska ba ne, kan ne ba ya tsayawa wuri guda. Liman ya ce ko a sahu, kafin a yi sallama ƙafarsa ta fara laluben takalmi. Matarsa Kande ba ta shiga irin wannan hira. In an matsa mata sai ta ce, "To, ai yana dawowa."

Wasu sun ce Jos ce ta mai da shi haka, don ya yi shekaru can yana haƙar kuza. Yayansa Wada kuwa cewa yake yi haka aka haife shi. Amma wannan a da ne, lokacin da Wada ke kama sunansa.

Su biyun gandu ɗaya suke tun rasuwar mahaifinsu, gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, ga tsohuwarsu a tsakani. Da rani kuma suna aikin hanyar da ta nufi Doguwa, Wada ne helma, shugaban leburori, mai usur a wuya, Shitu lebura a ƙarƙashinsa.

Abin da ya shiga tsakaninsu ya faru ne dab da azumi. Akwai wani rami a gefen hanya inda ake haƙo marmara. Wata rana da hantsi bakin ramin ya rufto a kan Sale, dattijon leburori, wanda gonarsa ke iyaka da tasu. Da hannu aka tono shi, amma rai ya riga ya yi halinsa. Mota na tsaye ba ta cika ba, obasiya, babban mai duba aikin, na tsaye kusa da ita yana duban agogo. Wada ya ware mutane kaɗan su kai gawa gida, ya ce sauran su cika motar tukuna. Suka cika. Kafin su isa gari an sallaci Sale an binne, har an fara watsewa.

A nan ƙofar gidan mamacin, gaban liman da leburori da duk wanda ya zo gaisuwa, Shitu ya dubi yayansa ya ce, "Kai ba mutum ba ne. Kare ne aka rataya wa usur."

Wada ya juya ya tafi. Daga ranar magana ta mutu a tsakaninsu. In da saƙo, Kande ce ke kaiwa ta kawo. Azumi ya zo ya wuce. Ranar salla ta ce wa Shitu, "Malam, yau fa kowa neman gafara yake. Ko gaisuwa ce ka je ka yi." Ya ce zai je. Ya fita, sai ga shi a Kiru.

Bayan salla da 'yan kwanaki, ana hutun rana a gindin wata tsamiya da ke bakin hanya, Shitu ya kawo maganar. Ya ce a Jos ya ga 'yan ƙungiyar leburori suna girmama wata rana, ɗaya ga watan Mayu. Sun gaya masa akwai ƙasashen da ranar nan ba a ɗaga ko tsinke, an bar wa masu aikin ƙarfi ita.

"Wane wata ne kuma Mayu?" in ji Ladan, wani dogo mai yawan barkwanci.

"Na Bature ne. Alhamis mai zuwa zai kama."

"Tun yanzu sun gan shi? Lalle suna da ido. To mu yi me?"

"Mu zo kamar kullum. Mu tara diga da shebur da kwanon sarki a nan, mu zauna. Obasiya ya zo ya same mu a zaune. Ba zagi, ba jifa. In ya tambaya mu ce yau ta Sale ce, zaman da ba mu yi masa ba."

Sunan ya taɓa kowa. Can sai Lawal, wanda suka tashi tare tun suna yara, ya ce, "Tsaya tukuna. Wa zai zauna? Kai?"

Dariya ta ɓarke.

"Wuni guda? Shitu, zauna har in gama cin rogon nan mu gani."

Shitu yana tsaye ne dama. Ya ce, "Wallahi, daga fitowar rana har faɗuwarta hannuna ba zai taɓa ƙota ba, ta diga ko ta fartanya, kuma ba zan bar gindin tsamiyar nan ba."

Sa'an nan ya kwance ƙullin goro ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi in za a kira gayya. Kowa ya san wanda ya karɓi goron gayya ya ɗauki alkawari. Duk suka karɓa. Wada na zaune can nesa a kan kwalbati, ya juya musu baya. Shitu ya je ya ajiye goro ɗaya a kan simintin, ya dawo. Ba wanda ya lura ko Wada ya ɗauka.

Ranar Laraba da la'asar gabas ta yi baƙi. Shamuwa sun kwana biyu da sauka a kan kukar bayan gari, amma ba wanda ya zaci abin zai zo da wuri haka. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan farko na shekara, irin wanda ke shiga ƙasa sosai. Kafin magariba gari ya cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ana ta sauko da iri daga rumbu, ana gyara wa sungumi ƙota.

Ranar Alhamis da sassafe Kande ta tare Shitu a tsakar gida yana sa riga.

"Yaya ya ce a gaya maka sunguminka na zaure."

"Na ji."

"Ya ce in bai gan ka a gona ba yau, zai dasa gamba a tsakiya, kowa ya san nasa."

Shitu ya leƙa zauren. Ga sungumi jingine da bango, ga kuma damin gamba da saiwarta, ƙasa na manne a jiki, yanzu aka tono ta. Ya san abin da ake nufi. Ƙane ya ƙi fita gandu ranar shuka, ya raba kansa ke nan. Gamba kuwa in ta kama ƙasa ba a cire ta, ta zama iyaka har jikoki.

"In rantsuwar ce, Malam, ka yi kaffara mana. Mutane nawa suka yi."

"Ba rantsuwar ba ce."

"To mece ce?"

Ya tsallake damin ya fita.

Leburori sun zo, ba laifi. Suka tara kayan aiki a gindin tsamiya, tulin ya yi tsayi har ya ba su sha'awa. Suka zauna. Shitu ma ya zauna, ya naɗe ƙafa, ya warware, ya sake naɗewa. Ladan ya ce a yi wa Sale addu'a, aka yi, aka shafa. Daga nan ba wanda ya san me za a yi kuma.

Rana ta fara ɗagowa, ƙasa na tururi. Ta ko'ina ana jiyo sarar sungumi, da muryoyin mata masu bin baya suna jefa iri. Mutanen da ke gindin tsamiya kowa idonsa na wajen gonarsa. Wani ya tsinci ƙasa ya dunƙule ta a tafin hannu, ya ga ta kama, ya yar da sauri kamar an kama shi da sata.

Wani ya tashi ya ce zai zaga. Bai dawo ba. Wani ya ce bari ya dubo shi.

Da hantsi Ladan ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Ina za ka?" in ji Shitu.

"Shitu, tsakani da Allah. Ai ba mu yi aikin hanya ba. Ga digata can, ka gan ta."

"Cewa na yi a zauna."

"Zama ko shuka, duk ɗaya ne wajen obasiya. Bai dai ga diga a hannuna ba."

"Ba ɗaya ba ne. In ya same mu a gona zai ce ruwa ne ya kwashe mu, kamar kowace shekara. Ya rage mana kuɗin wuni, ya wuce. Wa zai ce masa Sale?"

"Kai mana. Ai ka fi mu baki." Ladan ya sassauta murya. "Gonata jigawa ce, ka sani. Gobe war haka laimar ta tafi. Sale da kansa da yana nan, da tuni yana can yana sara."

"Ka ci goro, Ladan."

"Na ci. In ka matsa in amayo maka."

Aka yi 'yar dariya mara daɗi. Ladan ya tafi, wasu suka bi shi ba tare da sun kawo dalili ba. Lawal ne ya fi daɗewa. Ya zauna yana jan layi a ƙasa da tsinke, yana sharewa. Daga bisani ya ce, "Zan je in yi ko rabi in dawo. Ka riƙe mini wurina."

Shitu ya rage shi kaɗai da tulin ƙarafa.

Ya tashi ya zaga tsamiyar. Ya sake zagawa ta ɗaya hannun. Ya gyara wani shebur da ya karkace, da ƙafa, don kada hannunsa ya taɓa ƙota. Ya zauna a kan saiwa, ta dame shi, ya koma kan kwanon sarki da ya kife, ya yi zafi. Tafin hannunsa na ƙaiƙayi. Duk ƙarar da ya ji sai ya miƙa wuya ya dubi hanyar Kano, ya shirya maganar da zai faɗa wa obasiya. Ya shirya ta da Hausa, ya shirya ta da ɗan Turancin da ya tsinta a Jos, ya ga ba ta yi ba, ya koma Hausa. Hanya dai shiru, sai kwantaccen ruwa a ramukan da ba su cike ba.

Wajen azahar wani Bafulatani ya biyo da shanunsa, sanda a wuya. Ya tsaya ya dubi tulin, ya dubi Shitu.

"Sannu, bawan Allah. Jiki ne?"

"Lafiyata lau."

"Lafiya lau, ana shuka, kana zaune? To gadi kake?"

"Jiran mota nake."

"Ayya. Ai ba mota yau. Rafin can ya cinye hanya jiya, mu ma da ƙyar muka haye. Akwai wata tsaye a ƙetare tun safe, ta juya." Ya kaɗa shanunsa. "Ka je ka yi shukarka, baffa."

Shitu ya bi shi da kallo har ya ɓace. Obasiya ba zai zo ba ke nan. Ba wanda zai tambaya, ba wanda za a ba amsa. Ya taka har inda inuwar tsamiyar ta ƙare, yatsun ƙafarsa a rana. Daga nan in ya yi sauri, kafin a sauko daga salla yana gona. Zai ɗauki sungumi ya shiga layi kusa da Wada, ba sai an yi magana ba, gambar ta bushe a gefe. Ya ɗaga ƙafa. Sai ya tuna yadda suka cika motar nan, shi ma a ciki, kwano bayan kwano, yana zagi a ransa amma yana ɗauka. Ba Wada kaɗai ya bar Sale ya tafi ba rakiya ba. Ya mai da ƙafar, ya koma ya yi alwala da ruwan gorarsa, ya yi salla, ya zauna.

Kande ta zo da fura a ƙwarya, ƙafafunta duk taɓo. Ita ce ke bin bayan Wada da iri tun safe.

"Ina mutanen?"

"Sun tafi."

"Shi wanda kuke jira fa?"

"Ba zai zo ba."

Ta ajiye ƙwaryar ta dube shi. "To wa kake zaunar wa?"

Ya kafa kai ya sha furar. Da ya sauke ƙwaryar ya ce, "Ya dasa?"

"Tana gefen gona, ya lulluɓe ta da ganye. Bai ce uffan ba tun safe, sai sara. Ni tsoron saran nan nake ji." Ta ɗauki ƙwaryar. "Inna ta tambaye ni, in an raba, a tukunyar wa za ta ci. Me zan ce mata?"

"Ki ce mata rana ta kusa faɗuwa."

"Ba ta kusa ba, Malam. Dubi inda take."

Ta tafi. Ya dubi inda ranar take, ya ga gaskiyarta.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsawo. Inuwa ta juya, ya bi ta. Ya tsinke ganyen tsamiya ya tauna. Ya ji kamar ana sara a cikin kansa, kuma kowace sara yana ganin ramin gamba ne a tsakiyar gonar mahaifinsu, daga bakin tsohuwar ɗorawa zuwa suri. Ya san ma ta inda Wada zai ja layin, don Wada ba zai cuce shi ko taku ɗaya ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Bayan la'asar ƙafafunsa suka gaji da kansu. Ya jingina da itacen, ya miƙe su, ya bar su.

A haka ya hango mutum tafe ta cikin gonaki da kaya a kafaɗa. Tafiyar kaɗai ta isa ya gane ko wane ne. Wada ya iso, ya sauke damin gamba kusa da tulin diga, ya nemi saiwa ya zauna, ba kusa sosai ba. Rigarsa ta jiƙe da gumi, usur na rataye a wuyansa. Ya daɗe yana duban hanya.

"Na kai tsakiya," in ji shi, kamar da hanyar yake magana. "Har na sari ramin farko. Da na ɗago sai idona ya faɗa gonar Sale. Kowa ya fito yau, har makafi. Ita kaɗai ce ba kowa. Matarsa Furera na takaba, ba ta fita, ba kuma wanda ya tuna."

Shitu bai motsa ba.

"Gambar da ke tsakaninmu da shi, shi da Baba suka dasa ta. Ni na riƙe musu gorar ruwa. Kai ana goye da kai, kana ta zillo." Ya laluba aljihu ya fito da goro, ya yi yaushi, bayansa ya fara baƙi. Ya ɓare shi, ya ajiye rabi a kan saiwar da ke tsakaninsu. "An ce wanda ya ɗauka sai ya zo. Na makara."

Shitu ya dubi goron.

"Ran nan tsoro na ji," in ji Wada. "Mutumin na duban agogo, ni ina duban mutumin. Shi ke nan abin da ya faru. Na so a ce akwai wani dalili."

"Gambar fa?"

"Saiwarta a jiƙe take. Za ta kai gobe."

Suka zauna. Rana ta sauka kan itatuwan yamma, ta yi ja. Shitu ya lura tun da Wada ya zauna, shi kansa bai ko gyara zama ba. Ya ɗauki rabin goron, ya riƙe a hannu. Ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye.

"Ban ji ba," in ji Wada.

Shitu ya sake faɗa, bai fi na farko ƙarfi ba.

"Waccan da ka faɗa a ƙofar gidan Sale, har matan da ke cikin ɗaki sun ji ta. Kunnena bai lalace ba tun daga lokacin."

Leburori sun fara dawowa ɗaukar kayansu, don a mai da su sito kafin duhu. Suka zo da taɓo har gwiwa, kowa na neman abin da zai kalla ban da Shitu. Ladan ne ya fara ganin wanda ke zaune a wurin, ya ja ya tsaya.

"Helma, kai ma?"

"Ni ma. Kada wanda ya taɓa diga tukuna, rana ba ta faɗi ba. Ku zauna."

Suka zauna, ba usur. Lawal ya nemi wurinsa na safe, layukan da ya ja na nan.

"Gobe kowa ya fito da sunguminsa gonar Sale," in ji Wada. "Mu gama kafin masallacin Juma'a. Iri daga rumbunmu."

Ba wanda ya yi musu. Aka yi ta kallon ranar tana nutsewa bayan itatuwa, har ta rage jan baki, har ya tafi. Daga cikin gari aka ɗaga kiran salla.

"To, ya zauna," in ji Lawal a hankali. "Wa zai gaya wa Tasalla?"

Shitu ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi, sun yi tsami. Ladan ya miƙo hannu, Shitu ya girgiza kai. Ya ja jiki a haka har gaban yayansa, ya durƙusa, ya cire hula. Ya gyara murya, ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, har na can ƙarshe suka ɗago.

"Yaya, a gaban mutanen nan na zage ka. Na kira ka abin da ba a kiran ɗan'uwa, alhali ni ma da hannuna na cika motar. Na yi laifi. Don Allah ka yafe mini."